Wuyan Mai Fenti

Shafi na 17

Jikokina na cikin waya, kun hana ni sakat. Wata saƙo uku ta turo min tun ban wanke ido ba, wai "Kaka, ina shafin?" Ke 'yar nan, da yatsa ɗaya nake danna abin nan, shi ma yatsan sanyin ƙashi ya kama shi. To ga shi, ku matso kusa.

Auta ya shiga motar ta gilashin baya da rarrafe. A gida ne ake ce masa Auta, a wurin aikin ceto kuwa Dogo suke kiransa, don sai ya sunkuya yake shiga motar aikinsu.

Ƙaramar mota ce ta shige gindin tifa da hantsi, a kan babbar hanya. Gaban ya lotse ya danne ƙafafun direba. Bokitan fenti da ke kujerar baya sun fashe, ciki ya yi fari fat, har shi direban ba ka gane fuskarsa.

Auta ya durƙusa a bayan kujera, ya sa tafin hannu ɗaya a kowane gefen kan mutumin, ya kafa gwiwar hannu a kan kujerar.

"Na kama kai!" ya faɗa wa na waje.

A aikinsu, in ka kama kan wanda ya yi hatsari, ka kama ke nan. Ba ka saki sai an kwantar da shi a kan allo an ɗaure. Ko ƙuda ya shiga hancinka, sai dai ku yi zaman lafiya da shi. Ƙashin wuya in ya tsage, motsi kaɗan ke raba mutum da ƙafafunsa har abada.

Nas, mai kula da masu rauni a cikinsu, ta zuro kai ta tagar direba. Ta sa wa mutumin abin ɗaure wuya, ta jiƙa auduga ta soma goge masa fuska.

"Malam, kana ji na? Buɗe ido."

Mutumin ya yi nishi.

Auta ya ɗaga ido ya dubi madubin gaba da ke reto, rabinsa ya tsage. Goshi ya fito, hanci ya fito. Da ta goge haɓa, sai ga tabon nan da ya sani tun yana makaranta.

Mai Fenti ne, mijin yayarsa.

Ya buɗe baki zai ce "Yaya", sai ya haɗiye. Ya sha gani: mutum yana kwance shiru, da ya ji muryar ɗan gidansu sai ya waiga. Waigen nan kuwa shi ne abin da aka sa shi ya hana. Ya ja bakinsa ya rufe a cikin takunkumi.

A waje mutane sun taru kamar ana rabon wani abu.

"Ku jawo shi mana!" in ji wani mai babbar riga. "Ku huɗu ƙarti kun tsaya kuna jera katako, mutum na mutuwa!"

Oga, shugabansu, bai ko dube shi ba. Yana tura katako a ƙarƙashin motar don kada ta girgiza in an fara yanka.

"Baba, in kai ne a ciki za ka so a jawo ka?"

"Allah ya kiyaye!"

"Amin. To koma bayan igiya ka yi mana addu'a, ita muke buƙata. Gajere, ka cire batir?"

"Na cire, Oga," in ji Gajere, mai yanka musu ƙarfe.

"Sace iskar tayoyin ta zauna a kan katako. Kai kuma direbanmu, tsaya da tukunyar kashe wuta a nan, fentin nan da abin sirka shi ba sa wasa da wuta. Duk wanda ka gani da sigari, fesa masa."

Mai babbar riga ya yi saurin tura hannu aljihu.

Mai Fenti ya buɗe ido da ƙyar.

"Ƙafata... ba na jin ƙafata ta hagu."

"Ƙarfe ne ya danne ta," in ji Nas. "Motsa min yatsun hannu. Yauwa. Na dama fa? Madalla. Kada ka juya kai, dubi gabanka kawai."

"Wane ne ya riƙe ni ta baya?"

"Ma'aikacinmu ne, Dogo. Shi ne wuyanka yau. Dogo, yi masa hira kada ya yi barci."

"Uhm," in ji Auta.

"Ji min wannan. Kullum ya ishe mu da surutu a mota, yau da ake biɗar surutun ya zama kurma."

Ta sa masa ƙarin ruwa, ta rataye robar a jikin tifa. Oga ya leƙo.

"Ƙofa ba za ta buɗu ba. Rufin za mu cire, mu tura gaban, mu zare shi ta sama. Ku rufe su."

Aka shimfiɗa musu tampol, ya rufe Auta da Mai Fenti gaba ɗaya saboda ɓaraguzan gilashi. Nas ta ja da baya. Gajere ya tayar da injin, ya rungumo almakashin ƙarfen nan da ya kusa kai shi tsawo.

Ƙara ta cika wurin. A ƙarƙashin tampol kuwa su biyu ne, sai zafi da warin fenti.

"Bawan Allah," in ji Mai Fenti.

"Uhm."

"Mutuwa zan yi ko?"

"Uhm-uhm."

"Haka kuke faɗa wa kowa. Na sani, ƙanin matata aikinku yake yi. Auta muke ce masa a gida. Wani dogo haka, ku da yawa dogaye ne. Ka san shi?"

"Uhm."

"Yau hutu yake. Jiya da bakinsa ya gaya min. Allah na gode maka da ba shi aka turo ba."

Hutun gaskiya ne, sai dai da safe abokin aikinsa ya ce matarsa na naƙuda, Auta ya karɓar masa. Ku ga yadda abu ke haɗuwa.

Ƙarfen farko da ke riƙe da rufi ya ce ƙas. Motar ta ɗan yi motsi, Auta ya ƙara danne gwiwar hannunsa.

"Zan ba ka saƙo," in ji Mai Fenti. "Kai ban san ka ba, ba ka san ni ba, shi ya sa bakina zai iya. In na cika, ka nemi Auta ka gaya masa. In na tashi, ka manta. Ka yarda?"

Mai Fenti ya ci gaba abinsa.

"Suna da babban yaya a gida. Shekara bakwai yana kwance. Daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi."

Wannan ai ba labari ba ne wurin Auta. Shi ke juya Babban Yaya kowace safiya kafin ya fita, ya shafa masa mai a baya don kada gyambo ya fito. Saboda shi ma ya shiga aikin nan. An ce musu ranar da Babban Yaya ya yi hatsari 'yan taimako ne suka finciko shi daga mota, suka ƙarasa wuyan. Tun daga ranar Auta ya rantse ba za a ƙara finciko ɗan kowa a gabansa ba.

Wa ya ba su labarin 'yan taimakon? Mai Fenti, don tare suke a motar, shi ya fita da ƙujewa kawai.

"Ba wasu 'yan taimako," in ji Mai Fenti. "Hanyar ba kowa. Ni ne."

Ƙas. Ƙarfe na biyu.

"Daga aiki muke dawowa da la'asar. Lokacin ina koyon tuƙi, ko lasin ban yi ba. Na yi ta roƙonsa ya ba ni sitiyari, ya ce a'a, na nace. Saura sati uku aurena da ƙanwarsa, kunyata ya ji ya ba ni."

Ya yi tari. Auta ya bi tarin da hannu don kada kan ya kaɗa.

"Wani mai keke ya fito daga gona. Na taka mai a maimakon birki. Na buge shi, muka daki kwalbati. Mai keken ko shurawa bai yi ba."

Zufa ta gangaro wa Auta cikin ido. Ba hannun gogewa.

"Na duba hagu, na duba dama, ba kowa. Na ce shi ke nan, gidan yari, aure ya tashi. Shi kuma yana da lasin. Sai Shaiɗan ya ce min, mayar da shi kujerar direba."

A waje Oga na ihu: "Gajere, ƙasa kaɗan! Kada ka yanka kan bel ɗin kujera!"

"Idonsa biyu fa lokacin," in ji Mai Fenti. "Yana motsa ƙafa, da idona na gani. Ya ce min, 'Kada ka taɓa ni, wuyana.' Sau biyu ya faɗa. Na kama shi ta hammata na ja shi ta kan giyar motar. Na ji abin ya yi ƙara a hannuna. Ƙafar ta daina motsi."

Auta ya dubi ƙeyar da ke tsakanin hannuwansa. Fenti ya bushe a gashin, har da 'yar furfura ta gaskiya a ciki.

"Da ya farfaɗo a asibiti bai tuna komai na ranar ba. Har yau ya ɗauka shi ya kashe mai keke. Kullum sai ya yi wa mutumin addu'a, yana kuka, ba ya iya share hawayen. Ni ke share masa."

Wannan ma gaskiya ne. Duk sati Mai Fenti na zuwa da reza da sabulu ya yi wa Babban Yaya aski, ya yanke masa farce, ya zauna suna hira. Inna, uwarsu Auta, ba ta da zance a unguwa sai na surukinta. Matan layin har gori suke yi wa nasu surukan da shi. Ni kam na ce, in ka ga suruki ya fi ɗa ladabi, leƙa ƙarƙashin tabarmarsa.

"Ka ji ni, bawan Allah?"

"Uhm."

"Ka ce da Auta ya gaya wa yayansa ba shi ya kashe kowa ba. Wannan kaɗai. Sauran tsakanina da Allah ne."

Injin ya yi shiru. Aka ji Oga: "Ku kama kusurwa huɗu. Ɗaga!"

Rufin motar ya tashi gaba ɗaya, suka ajiye shi a bakin hanya. Aka yaye tampol, rana ta faɗo musu. Mutane suka ɗau salati, wasu suka ɗaga waya.

Nas ta hau ta gefen, ta taɓa wuyan hannun Mai Fenti, ta haska masa ido. Sannan ta dubi Auta.

"Dogo, ka gaji ko?"

Auta ya dubi kan da ke hannunsa.

Duk wurin ba wanda ya kai shi sanin ƙanƙantar abin da ake buƙata. Ba sai ya murɗa ba. Ya ɗan sassauta kawai lokacin da za a tura gaban motar, kan ya faɗi gaba sau ɗaya. Ba wanda zai gani, ba wanda zai tambaya. Za a ce hatsari ne.

"Minti ashirin ke nan kana riƙe," in ji Nas. "In karɓe ka?"

"Uhm-uhm."

"Ka tabbata? Ba abin kunya ba ne."

Ya ƙara matse yatsunsa a bayan kunnen Mai Fenti, ya ja numfashi. Ni dai ban shiga zuciyarsa ba, ban san ko tsare mutumin yake ko kuwa ba ya so ya kuɓuce masa ba.

"To, kai ka sani," in ji ta. "Oga, jininsa na sauka. Ku yi sauri, amma a hankali."

"Sauri a hankali," in ji Gajere yana jawo jak ɗin turawa. "Nas, wata rana sai kin koya min yadda ake yin sa."

"In ka ƙara tsawo."

Ya kafa jak ɗin tsakanin gindin ƙofa da gaban motar. Oga ya tsuguna yana kallon ƙafar.

"Nas, ruwan ya shiga sosai? In na ɗage ƙarfen nan jini zai ruga ƙafar."

"Roba ta biyu ke nan. Tura."

Injin ya sake tashi. Gaban motar ya soma miƙewa yana kuka. Mai Fenti ya ƙwala ihu, jikinsa duka ya zabura, kan ya nemi faɗawa gaba.

Auta ya riƙe. Jijiyoyin hannunsa suka fito raɗa-raɗa, kan bai gusa ba ko da faɗin farce.

"Tsaya!" in ji Oga. "Ya isa. Takalmin ne ya maƙale a ƙarƙashin birki. Ba ni wuƙa."

Ya yanke igiyar takalmin, ya zaro ƙafar a hankali ya bar takalmin a wurin. Nas ta naɗe ta da sauri.

"Malam, motsa min babban yatsa."

Yatsan ya motsa.

"Alhamdu lillahi. Ɗayan fa? Yauwa. Ka gode wa Allah, ka gode wa na bayanka."

"Na gode, bawan Allah," in ji Mai Fenti, muryarsa a dushe.

Aka kwantar da bayan kujerar kaɗan-kaɗan, Auta na bin kan da hannu. Direbansu ya ajiye tukunyar wuta ya kawo dogon allo, suka zura shi tsakanin kujera da bayan Mai Fenti. Oga ya kama hammata ɗaya, Gajere ɗaya, Nas ta kama ƙugu, direba ya riƙe ƙafafu.

Suka tsaya, duk suka dubi Auta.

Wurin ɗaga mutum ba Oga ke ba da umarni ba. Wanda ke riƙe da kai shi ke ƙirgawa da ƙarfi, kowa ya bi muryarsa, don kada jiki ya riga wuya tafiya. Ba a yin sa da "uhm".

"Muna jiranka," in ji Oga.

Auta ya dubi ƙeyar Mai Fenti.

"Dogo! Harshenka ya maƙale a ƙarƙashin birki shi ma? Ƙirga mana, hannuna ya gaji!"

Auta ya sunkuyar da haɓa ya ture takunkumin da kafaɗa.

"Kowa ya shirya?"

Idon Mai Fenti ya buɗe gaba ɗaya.

"In na ce uku, mu ja taƙi ɗaya mu tsaya. Ɗaya..."

"Auta?"

Wuyan ya yi ƙarfi a hannunsa, kan ya soma juyowa hagu. Auta ya datse shi kamar an kama da awartaki.

"Kada ka waiga, Yaya. Dubi sama."

"Auta, kai ne? Tun ɗazu..."

"Na ce dubi sama! Biyu. Uku!"

Suka ja. Ya sake ƙirgawa, suka sake ja. A karo na uku Mai Fenti ya miƙe sambal a kan allo. Suka sauko da shi ta bayan motar suka ɗora a kan gadon turawa.

Oga ya dubi Auta, ya dubi na kwance.

"Yaya na ji ka ce?"

"Mijin yayata ne."

"Shi ne ba ka faɗa ba? Ka san doka, ɗan'uwa ba ya taɓa ɗan'uwa!"

"Na riga na kama kafin in gane shi, Oga."

"Za mu yi wannan maganar a ofis."

Nas ta sa matashi biyu a gefen kunnuwan, ta ja maɗauri a goshi, ta ja a haɓa.

"Na ɗaure. Saki."

Auta bai saki ba. Yana tsaye ta wajen kan, fuskarsa a saman ta Mai Fenti. Hawaye na bin gefen idon Mai Fenti yana wanke ragowar fentin.

"Ka ji duka?"

"Na ji."

"Kana ji, kuma ka riƙe ni?"

"Aiki nake."

"Dogo, saki mana mu tafi," in ji Nas. "Me ke damun ka yau?"

Ya zare hannuwansa. Yatsun sun ƙage, sun ƙi miƙewa, ya tsaya da su a buɗe kamar har yanzu kan na ciki.

Suka fara tura gadon zuwa motar asibiti. Mai Fenti ya kamo gefen rigarsa.

"Yau zan gaya wa Babban Yaya," in ji Auta a hankali. "Daga nan in gaya wa Inna. Yayata kuma ni zan zaunar da ita, ta san wanda take aure."

"Auta."

"Sake min riga."

"Ba sai ka zaunar da ita ba. Ta sani."

Auta ya tsaya cak.

"Kwana biyu da hatsarin na gaya mata, a barandar asibiti. Na ce zan je in faɗi gaskiya. Ita ta riƙe ni ta ce in yi shiru, wanda ya kwanta ya riga ya kwanta."

Daga bayan igiya aka ji hayaniya. Wata mata ce ke ture mutane, mayafinta a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Ɗan sanda ya tare ta, ta hango dogon da ke tsaye da hular kwano, rigarsa duk fenti.

"Auta! Auta, kai ne? Alhamdu lillahi da kai ne! Ka ce su bar ni in wuce, ni ce matarsa!"

Ɗan sandan ya juyo ya dubi Auta.

"Ka san ta?"